Mun Je Tarauni Kallon Kanmu

Kafin wani ya riga ni faɗa, ni ne wawan wannan labari. Sauran huɗun laifinsu guda, sun yarda da ni.

Ana sallame Asuba ranar Asabar muka tashi daga Gyaɗi-Gyaɗi, mu biyar 'yan majalisar gindin darbejiya, za mu Tarauni. Wanda ya san Kano zai ce wannan tafiya ko akuya tana yin ta kafin hantsi. Mu dai da guzuri muka fita, buta da tabarma da goro. An ce za a yi bikin nuna finafinan gaskiya, waɗanda babu rawa babu waƙa, a ɗakin taron wata makaranta, kuma har da mu a cikin ɗaya. Wanda za a haska a majigi ba ya makara.

Ga yadda muka shiga fim. Da soja suka koma bariki, wasu ɗalibai sun zo unguwa da kyamara suna tambayar mutane yadda suka ji da mulkin farar hula. Ni ne mai boko a majalisa, don na yi ajin yaƙi da jahilci, kuma sau uku ana ɗaukata hoto. Sai na ja abokaina gefe na ba su sirrin: hoto ba ya son motsi, ka motsa ka fito da kai biyu. Na san talabijin mana, amma a lissafina sai an wanke hoton ake dawowa a ɗauki murya. Muka sa manyan riguna, muka jeru a benci, hannu bisa gwiwa. Ɗalibar da ke tambaya ta yi juyin duniya, ko ƙiftawa ba mu yi ba. Mai facin da ke gefenmu ne kaɗai ya ƙi shawara, yana ta dukan taya cikin singileti yana zuba. Har tausayinsa na ji.

A bakin titi 'yan acaɓa suka ce naira ashirin-ashirin, wai mai ya yi wuya. Muka ce dimokuraɗiyya ta zo, muna da 'yancin tafiya a ƙasa. Wajen asibitin koyarwa muka tarar da nas-nas sun tashi daga aiki sun yanyame mai ƙosai. Ƙosan can ƙanana ne, kamar likita ne ya rubuta su. Fastocin 'yan takara na nan a bango, wanda ya ci da wanda ya faɗi duk murmushinsu ɗaya. Inda a da soja ke sa mutane tsallen kwaɗo, yanzu mai rake ne ya kafa baro.

Mun isa maigadi bai gama shan koko ba. Ya ce sai bayan La'asar. Muka shimfiɗa tabarma gindin mangwaro muka wuni, da rana muka ci waina a kasuwar Tarauni, miyar ta sha yaji amma ba laifi. La'asar na yi sai ga rabin Gyaɗi-Gyaɗi, har da surukaina, don gida-gida na bi na gayyace su su zo su ga yadda manya ke fitowa a fim.

Aka fara da na mata masu ginin tukwane, sannan na direbobin tirela. Sai namu. Mai faci ya cika bango. Ya yi maganar tsadar gari, ya ba da labarin sojan da ya mare shi a kan iskar taya, ɗaki ya ɗauki tafi. Can sai ga mu, biyar reras, kamar an dasa. Wata murya mai sanyi a cikin fim ɗin ta ce, “Waɗannan dattawa sun kasa cewa uffan. Tsoron soja har yau bai sake su ba.”

Baƙi suka shiga girgiza kai don tausayi. 'Yan unguwarmu kuwa dariya har da riƙe ciki. Ni da na shekara goma sha biyar ina caccakar gwamnati a gindin bishiya, a hankali dai, amma ina yi. Wata Hajiya daga Daurawa ta waiwayo ta gane ni, ta ce, “Allah ya yaye muku, Baba.” Na ɗaga hannu zan gyara tarihi, aka kira Magariba, aka kashe janareto.

A bas muka dawo. Direba ya ba mai faci gidan gaba. Abokaina huɗu suka juya mini ƙeya, ɗayansu ma ya karɓe butarsa.

Abin da tafiyar ta koya mini shi ne Tarauni kusa ce a zuwa, a dawowa take da nisa, kuma ɗan boko kaɗan ya fi jahilci saurin kai mutum rami. Haka na shiga gida ina zayyana wa maiɗakina, ina cewa ɗaliban nan sun zalunce ni, sun mai da ni matsoraci a idon duniya. Ba ta ko ɗago daga tankaɗen da take yi ba.

Ta ce, “Malam, shekara arba'in ina roƙon Allah ka yi shiru na minti biyar. Sai ranar da aka zo takanas jin bakinka ka ga damar yi.”