Yaya Luba da Yarinyar da Ta Zagi Innarmu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Malama Lubabatu, wadda a gida muke ce wa Yaya Luba. Ban saba rubuta komai a kanta ba idan ranar ta zagayo. Addu'a muke yi, a dafa abin sadaka, kowa ya kama gabansa. Bana ne abin ya zo daban, domin ranar ta same ni ina jujjuya wata shari'a a raina, wadda da tana raye da tuni na hau babur na tafi Anka na zauna a gabanta.

Ni malamin sakandare ne a ƙasar Bukkuyum, kuma ni ne shugaban kwamitin ladabtarwa na makarantarmu. Ita kuwa a firamare ta yi duk aikinta. Mahaifinmu malamin allo ne, a gidansa ta fara koyar da yara tun kafin ta san akwai wani abu wai shi albashi. Ta girme ni da shekara tara, ita ta koya mini haɗa baƙi.

Wata guda da ya wuce, wani ɗalibinmu na aji biyar mai suna Nomau ya miƙe a tsakiyar darasin lissafi ya zagi malaminsa. Ba ƙunƙuni ba, zagi na uwa da uba wanda ba zan iya sa shi a jarida ba. Wani yaro a bayan aji ya ɗauki hoton bidiyo a waya. Kafin la'asar hoton ya zaga gari, har wani abokina daga Gummi ya turo mini yana tambaya ko makarantarmu ce. Malamai suka fusata, kuma suna da dalili. Wasu suka ce a kore shi. Wasu suka ce a zane shi a gaban taron safe, sannan a kore shi. Firinsifal ya ce in kawo masa shawara a rubuce.

Na kalli hoton nan ban san sau nawa ba. Duk sanda na kalla, ba Nomau nake gani ba, wata yarinya nake tunawa.

Lokacin Yaya Luba tana koyarwa a wata firamare ta ƙauye a wajen Duza, 'yan shekaru bayan gubar dalma ta yi wa yankin ɓarnar da ta yi. A ajinta akwai wata yarinya, Kulu, ba za ta wuce shekara goma sha biyu ba. Wata Talata Kulu ta shaƙe wata 'yar ajinsu a kan fensir, Yaya ta raba su ta ce Kulu ta durƙusa. Yarinyar ta dube ta ido cikin ido, ta watsa mata daƙuwa, ta ambaci uwarta. Hedimasta ya ɗauko bulala ya ce daga ranar ta gama makaranta. Yaya ta roƙe shi ya ajiye bulalar, ya bar mata yarinyar zuwa Litinin.

Wanda bai san ta ba zai ɗauka sanyin hali ne. Ba ta da sanyi ko kaɗan. Mu ƙannenta mun sha ranƙwashinta. Abin da take da shi shi ne son sanin asalin abu. Ko miya ta yi mata daɗi sai ta tambayi wa ya daka daddawar. To haka ta yi wa zagin nan. Ta kira Kulu gefe ta ce, "Ina kinka ji wagga magana?"

Kulu ta ce a bakin injin niƙa duwatsun zinare, inda take kai tallar fura idan an tashi makaranta. Washegari Yaya ta tafi wurin da kanta, ta tsaya kamar mai jiran wani, tana saurare. Daga baya ta ce mini, kalmar da aka jefe ta da ita, su can da ita suke gaisawa, da ita suke neman canji, da ita suke raha. Ta wuce gidan su Kulu. A nan ta ji cewa ƙannen yarinyar biyu gubar ce ta kashe su, ita ma sai da aka yi mata doguwar jinya. Uban ya ce idan an kore ta ba komai, dama injin yana bukatar mai talla tun da safe.

Ma'aikatan lafiya sun taɓa yi wa malaman yankin bayani cewa dalma takan bar wasu yara da saurin fushi da rashin natsuwa. Yaya ta riƙe wannan, amma ba ta mai da shi uzuri ba. Ta ce mini, "Dalma na iya sa ta fushi. Amma ba dalma ta koya mata kalmar ba, mutane ne. Abin da mutane sunka koya, mutane na iya gyara shi."

Ran Asabar, da izinin uban, ta ɗauko Kulu suka zo gidanmu a Anka. Ina nan ranar. Innarmu tana zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ga goronta a gefe. Yaya ta yi sallama, ta tura yarinyar gaba.

"Inna, ga baƙuwa na kawo miki. Kulu, wagga ita ce uwata. Ita kinka aiko ma saƙo ran Talata. Ga ta nan, hwaɗa mata da bakinki."

Inna ta ɗago ta ce, "Saƙon mi?"

Kulu ta sunkuyar da kai. Tana ta murza gefen hijabinta har na ɗauka zai yage. Inna ta dubi Yaya, ta dubi yarinyar, ta gane. Ta ture faifan gyaɗar ta ce, "Matso nan, ɗiyata. Kin karya?" Ta sa aka kawo ɗumame. Yarinyar ta kasa sa hannu.

Sai Inna ta ce, "Ni dai ban ji komi ba, ina nan zaune wurina. Luba ce taj ji. Ta biyo nan ran Talata, na dama mata hura ta kasa sha, na ce ko zazzaɓi na. Ashe ke ce."

Ni kaina ban san da wannan ba. Na ɗauka yayata dutse ce. Kulu ta ɗaga ido ta dubi malamarta, wataƙila karo na farko da ta gan ta a matsayin 'yar wata tsohuwa mai ɓarar gyaɗa. Sai ta fashe da kuka. Inna ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ce ta wanke hannu ta ci abinci, tuwo ba ya jiran mai kuka.

Ran Litinin Kulu ta ba da haƙuri a gaban aji, aka sa ta sharar aji na mako biyu. Ba zan ce ta zama waliyyiya ba. Ta sake zagin 'yan ajinsu, fiye da sau ɗaya, an kuma hukunta ta. Amma ba ta ƙara zagin malami ba, kuma ta gama aji shida. Da Yaya ta rasu, Kulu da uwarta suka zo ta'aziyya, ta zauna kusa da Inna har aka watse.

Gaskiya ta sa in faɗi cewa dabarar ba kullum take ci ba. Akwai wani yaro da Yaya ta kawo shi gidan haka, ya share tuwon Inna tas, ya koma yana ba abokansa labari suna dariya. Da ya kai ga jifan wani malami da dutse, Yaya da kanta ta goyi bayan a sallame shi. Ta ce sauran yaran ma suna da hakkin su yi karatu ba tare da tsoro ba. Ba ta taɓa cewa kada a hukunta ba. Cewa take a san abin da ake hukuntawa.

Mu malamai ma ba ta ƙyale mu ba. A shekarata ta farko da fara aiki ta ji ina ba da labarin wani ɗalibina, ina ce masa daƙiƙi. Ta tambaye ni ko a gabansa ma haka nake ce masa. Na ce ai gaskiya ce. Ta ce, "To ranar da ya rama, kai kana da ofishin kai ƙara. Shi ina zai kai tashi?"

A 'yan makonnin nan na yi ta tambayar kaina yadda za ta kalli zamanin da muke ciki. Ta rasu da 'yar ƙaramar wayarta mai tocila, wadda ta ɗaure da kyauro. Ba ta ga lokacin da yaron ƙauye zai riƙa jin zagin mutanen garuruwan da bai taɓa zuwa ba, yana kwance a ɗakin uwarsa. A zamanin Kulu akwai bakin injin da za a je a tsaya a saurara. Yanzu ina za ta je ta tsaya? Kuma a da, idan yaro ya yi ashar a aji, 'yan ajin ne shaidu, magana ta mutu a nan. Yanzu laifin minti ɗaya yana iya bin yaro har ranar da zai je neman aure. Ina jin ba za ta tsine wa wayar ba. Za ta karɓa ta jujjuya, ta sa a nuna mata inda ake dannawa. Sannan za ta yi tambayar da babu wanda ya yi a ɗakin malamanmu: me ya faru kafin a danna?

Hoton ya fara ne daidai inda Nomau ya miƙe. Sai na kira 'yan ajin uku, ɗaya bayan ɗaya, ban bar su sun haɗa baki ba. Maganarsu ta zo ɗaya. Nomau ya makara ranar, kuma bai yi aikin gida ba. Malam Sahabi, malamin lissafin, matashi ne a shekararsa ta biyu da fara aiki, mai ƙoƙari, mai son ba'a. Ya san iyalin Nomau suna cikin waɗanda suka baro ƙauyensu saboda 'yan bindiga suka dawo gari wurin dangi. Sai ya ce masa, cikin raha a ganinsa, "Ubanka ya gudu ya bar gona, kai kuma kana gudun lissafi." Aji ya kwashe da dariya.

Uban Nomau bai gudu ba. A gonar aka kashe shi, daminar bara.

Da na faɗa wa Malam Sahabi, sai ya nemi kujera ya zauna. Can ya ce, "Wallahi, Malam, ban sani ba." Na yarda da shi. Ni ma da nake shugaban kwamiti ban sani ba, kuma yaron ya kusa shekara a makarantarmu.

Shawarar da na rubuta ita ce a dakatar da Nomau mako biyu, ya dawo da kawunsa ya ba da haƙuri a gaban aji, domin zagi zagi ne ko me ya jawo shi. A kira iyayen mai wayar. Malam Sahabi shi ma ya ba yaron haƙuri. Wannan na ƙarshen ne ya tayar da ƙura. Wani dattijon malami, wanda nake girmamawa ƙwarai, ya ce ranar da malami ya fara ba ɗalibi haƙuri, ranar aji ya fi ƙarfinmu. Gobe kowane mara kunya zai zo da labarinsa. Har yanzu ma ina tunanin maganarsa. Firinsifal ya raba gardama, ya ce malamin ya yi nasa a ofis, a gaban kawun yaron kaɗai.

Ranar da Nomau ya dawo, ya tsaya gaban aji ya ba da haƙuri, murya can ƙasa, ido a kan siminti. Yana shirin komawa wurinsa Malam Sahabi ya ce ya tsaya. Ba wanda ya sa malamin. Ya juya ga 'yan aji ya ce shi ya fara, ya taɓa mutumin da ba ya duniya, yana neman gafarar Allah da ta ɗan mamacin, kuma duk wanda ya yi dariya ranar ya nemi tasa.

Ban san ko Nomau zai gyaru ba. Yana zaune a bencin baya, bai cika magana ba, aikin gida wata rana ya yi wata rana bai yi ba. Ban kuma san ko Yaya za ta yaba mini ba. Ina zargin za ta ce mako biyu ya yi yawa ga yaron da dama yana baya a karatu. Na tabbata za ta tambaye ni ko na taka na je gidan, in ce aikawa na yi aka kira kawun, ta yi mini irin kallon nan nata.

Idan aka zo lissafin abin da ta bari, ba shi da yawa a ido. Babu ajin da aka sa wa sunanta. Littattafan shirin darasinta gara ta cinye rabinsu a akwati. 'Ya'yanta uku suna nan suna girma, ƙaramar ba ta ma tuna fuskarta sosai. Na daɗe ina ganin malamin firamare na ƙauye haka yake wucewa, masu tuna shi daga dangi sai ɗaliban da suka zauna a gabansa, su ma har su manta.

Shekaranjiya bayan an tashi, Malam Sahabi ya same ni ina kulle ofis. Ya ce yana so ya san abin da ya sa na tsaya bin diddigi, alhali kowa ya ga hoto kuma an gama yanke hukunci a baki. Muka zauna a gindin dalbejiya na ba shi labarin da na ba ku. Da na gama ya tambaye ni sunanta. Na faɗa masa. Ya ajiye jakarsa a ƙasa, ya ɗaga hannuwa biyu, mutumin da bai taɓa ganin ta ba, ya roƙa wa Lubabatu gafara da hasken kabari. Na shafa tare da shi. Wanda ya karanta har nan, shi ma ya sa ta a tasa addu'ar.