Gashi Ne Fa, Audu

Ko na manta da komai a sana'ar nan, ba zan manta da ranar da Audu mabugi ya faɗo rumfata da wani abu a hammata yana zufa ba. Ku da kuka zo koyon sana'a jiya kuna ganin takalman gashin da muke yi wa tsofaffi da masu ciwon ƙafa kamar gadonsu muka yi a Haɗejiya. To ba gado ba ne, ɓarna ce ta haife su. Haruna, ajiye basillar nan ka saurara, ba guduwa za ta yi ba.

A lokacin ban daɗe da fita daga hannun kawuna na kafa rumfar dukanci tawa ba, a bayan marina, jikin rumfar 'yan bugu. Tufa idan ta fito daga rini ko wanki, su ake kai wa. Su shimfiɗa ta a kan gungume, su yi ta dukanta da guduma ta itace har ta kwanta ta yi sheƙi. Sarkin Marina ne shugabansu duka, shi ke raba aiki, shi ke sauraron ƙara. Audu ya fi kowa daɗewa a bakin gungumen, kuma ƙarar bugu ta cinye masa kunne ɗaya. Ɗayan ma sai ka matso.

Akwai wata tsohuwa mai sayar da bandar kifi a bakin kasuwa, Iya Falmata. Babarbariya ce, aure ya kawo ta garin nan, miji ya rasu ya bar ta. Ta shekara da shekaru tana Hausa amma harshen bai miƙe ba, inda za a ɗaga murya sai ta sauke, mu kuwa mu yi ta tsokanarta tana rama mana. Ɗanta ɗaya ne, Bukar, ya tafi aikin hajji a ƙasa yadda ake tafiya, a yi noma a nan, a yi ƙodago a can. Shekaru suka yi ta wucewa. Abin da ya taɓa isowa daga gare shi, ta hannun wani falke, shi ne farin mayafi mai jan zare a baki, saƙar gashin tumakin can gabas. Mu namu tumakin gashinsu ba ya kaɗuwa, saboda haka babu wanda ya taɓa riƙe irinsa a unguwarmu. Ba ta taɓa yafa shi ba. Ta ce sai ranar da zai dawo, ya gan ta a ciki.

Wata shekara da ƙarshen damina, ruwa ya fara janyewa daga fadama, masunta suka zo daga Guri da labarin cewa ayarin alhazai na tafe, hanya kawai yake jira ta bushe. Iya ta ciro mayafin daga adudu, ta ji duk ya kama warin hayaƙin banda, ta kai wa Audu ya wanke ya gyara. Ana tsakiyar bugu ta miƙa masa ta ce, "Gashi ne fa, Audu." Nufinta gashin tunkiya ne, a bi shi a hankali. Da harshenta da kunnensa, abin da ya ji shi ne "ga shi". Ya ce, "Na gani, Iya, ajiye nan."

Ku fahimce ni, Audu bai yi ganganci ba. Don girmamawa ma ya hana kowa taɓawa, ya ce kayan uwar alhaji shi zai yi da hannunsa. Ya dafa ruwa, ya zuba sabulun salo, ya cuɗa, ya tattaka, ya ɗora a gungume. Duk abin da auduga ke so ya yi masa. Da ya ga yana tsukewa, sai ya zaci dauɗa ce ta riƙe zaren, ya ƙara ruwan zafi, ya ƙara duka. Kafin ya farga, mayafin da zai rufe mace har ƙafa ya koma bai fi ɗan buzu ba, ya yi kauri, saƙar ta ɓace gaba ɗaya.

Shi ne ya kawo mini. Ya ce, "Kai ka saba miƙe fata. Don Allah ja mini wannan ya koma yadda yake." Muka jiƙa, muka kafe shi da turaku a ƙasa kamar fatar akuya. Ko yatsa bai ƙaru ba.

Dole aka kai maganar ga Sarkin Marina, ya sa aka kira Iya. Ya ce, "Iya, mun yi miki ɓarna. Ki zaɓi turkuɗin da ya fi kowanne a marinar nan, ki yafe mana."

Ta ɗauki abin, ta juya shi, ta shafa jan zaren. Ta ce, "Turkuɗin, Bukar ne ya aiko shi?"

Ta dubi Audu ta ce, "Ai na faɗa maka gashi ne."

Ya ce, "Wallahi, Iya, ga shi na ji."

Wasu marina suka fashe da dariya. Har yau idan na tuna dariyar nan raina ɓaci yake yi, domin dattijo ne tsugune yana hawaye a gemu. Da ma ta zage mu, da mun fi samun sauƙi. Ba ta zagi kowa ba, ta ajiye shi ta tafi.

Mayafin ya kwana biyu a rumfata ina kallonsa. Sai na sa wuƙa na ɗan yanki gefe. Bai warware ba, ko zare ɗaya bai fita ba, kamar hular nan jar dara. Ga laushi, ga ɗumi. Na ɗauka na tafi gidanta, na yi sallama, ta fito zaure. Na ce, "Iya, mayafi kam ba zai dawo ba, kada in yi miki ƙarya. Amma takalmi zai fita a cikinsa, irin wanda ba ya cin ƙafa. Kawo in auna."

Ta ce, "Ni ina zan je? Daga nan sai kasuwa. Wanda ya taka ƙasa har Makka shi ke da buƙata."

Na ce ai ba ni da awon ƙafarsa. Sai ta duƙa ta janye tabarmar da ke bakin ƙofa. Sawun ƙafar mutum ne a cikin daɓe, yatsu biyar ɗin duk sun fito. Ta ce, "Ranar da muke daɓen nan, gab da tafiyarsa, Bukar ya shigo a guje ya taka, na zage shi tas. Mata suka ce a shafe, na ce sai gobe. Goben ce har yau."

Na auna sawun da kaba, na sassaƙa itace daidai ƙafar. Na yanka, na ɗinka, na ɗora a kan itacen, amma ya yi sako-sako. Audu ne ya gyara. Ya kawo ruwan zafi da sabulun nan dai da suka jawo masa kunya, ya yi ta murzawa da tafin hannu har gashin ya kama itacen ya zauna. Na sa masa tafi na fatar akuya ninki biyu, jan zaren kuma na bar shi a bakin takalmin.

Ayari ya iso, babu Bukar. Madugu ya ce ya baro shi a ƙasar Wadai yana noma, guzuri ya ƙare masa, sai baɗi. Iya ta dawo mini da takalman ta ce ɗakinta na yoyo, ga gara, in ajiye a wurina. Daminar da ta biyo, zazzaɓi ya ɗauke ta. Audu ne a gaban makara, ya ƙi yarda a karɓe shi har kushewa.

Sai bayan wata damina kuma, da rani, wani mutum ya tsaya a bakin rumfata, ramamme, ƙafafu naɗe da tsumma. Ya ce shi ne Bukar, ya je gida, ya je kushewa, maƙwabta sun ce akwai ajiyarsa a wurina. Da ya kwance tsumman na kau da kai. Faso ya tsattsaga diddige, ga gyambon kurkunu a idon sawu, takalmin fata ba zai taɓa shiga ba. Audu ya kawo ruwa ya wanke masa da kansa. Na ciro takalman. Ƙafar ta kumbura, suka ɗan matse, amma gashin ya ba da hanya.

Ya kalli ƙafafunsa. Ya ce, "Wannan jan zaren na san shi. Ta yafa kuwa?"

Na so in ce ta yafa, bakina ya ƙi. Audu ne ya ba shi labarin duka, bai rage komai ba. Sai Bukar ya juyo gare ni ya ce, "To a ina kuka sami awon ƙafata?"

Na ce, "Je ka ɗaga tabarmar zaurenku."

Ya miƙe ya tafi a hankali, ba ya ɗingishi. Daga baya shi ya riƙa sa fatake suna kawo mana gashin, har aikin ya kafu.

Abin da na koya ke nan, kuma shi ya sa nake yi muku faɗa idan kun fizge kaya daga hannun mutum kun jefa a kwando. Kafin ka sa wuƙa ko ruwa, tambayi mene ne, ka sake tambaya, sannan ka tambayi wa ya ba shi. Audu kam har ya rasu, duk wanda ya miƙa masa tufa ya ce "ga shi", sai ya karkato da kunnen mai ji ya ce, "Na tunkiya, ko na miƙowa?" Bukar kuma ya sake rufin gidan, ya sake ginin katanga, amma daɓen zauren nan har yau bai yarda an taɓa shi ba.