Mutumin da ya ƙi sayen babur ɗina

Shekarun baya, lokacin Birnin Kebbi tana cikin Jihar Sakkwato, ina aikin malamin gona, ina haya a Badariya. Mahaifiyata kuwa tana Gulma, ta ce ba ta barin ɗakinta. Tana fama da hawan jini, don haka duk ƙarshen mako nakan bi ta Argungu in kai mata magani da ɗan cefane. Abin hawana wani tsohon babur ne da kawuna ya bar mini, wanda ya daɗe yana jigilar albasa kafin ya zo hannuna.

Da bazara ta kama, sai wani abokina ya kawo mini baƙin mai a gwangwani mai sheƙi, ya ce irinsa ake zuba wa sababbin babura. Man tsinkakke ne, yana zuba kamar ruwan shayi. Na yi juye da shi ina ta jin daɗi, a raina na mayar da tsoho yaro.

Tun a tafiyar farko na gane akwai magana. Kafin in kai Ambursa injin ya ɗau zafi, ya fara wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, salansa na ta fitar da shuɗin hayaƙi. Sai in tsaya gindin bishiya ya huce, in ƙara mai, in ci gaba. Da na isa, Inna ta dubi tufafina ta ce, "Kai kuwa mi as same ka? Kamar wanda yat taho daga wurin ƙuna gawayi."

Bakanike ya saurari injin ya ce ringin da ke cikin injin ya cinye, sai an buɗe, kayan kuma sai an aika Sakkwato. Ba ni da halin wannan a lokacin. Na yanke shawarar in sayar da shi ko nawa ne, in koma bin motar haya, duk da na san motar Gulma ba kullum ake samu ba.

Maƙwabcina wani dattijo ne Kirista daga wajen Filato, yana kula da injunan ruwa a gari. Baba muke ce masa. Ya daɗe yana neman babur da zai riƙa kai matarsa coci da kasuwa. Da ya ji labari ya shigo da safe, ya ce in tayar masa. Ya tsuguna ya saurara, ya zaro sandar awon mai, ya murza man a yatsunsa.

"Malam, wane mai ka sa masa?"

Na ɗauko gwangwanin da alfaharina. Ya duba, ya yi dariya har da tafa cinya.

"Man nan mai kyau ne, amma ba na wannan ba ne. Sabon inji a matse yake, siririn mai ya ishe shi. Naka ya saki, ko'ina akwai rata. In zafin garin nan ya bugi siririn mai, sai ya zama ruwa ya sulale ya ƙone. Je ka nemo mai kauri, lamba arba'in."

Na ce, "Baba, ai ni sayarwa zan yi. Ka saya ka zuba masa abin da ka ga dama."

Ya goge hannu da tsumma. Sannan ya ce, "Ina son shi, ba ƙarya. Amma in na saya yau a kan cewa ya mutu, alhali na san bai mutu ba, da wane ido zan gaishe ka gobe? Kuma wa zai kai wa mamarka magani?"

Tare muka yi juyen a ƙofar gida. Ya gargaɗe ni cewa wannan lallaɓawa ce, ba warkarwa ba, ringin dai sai an canza in na samu hali. Ya ce in sanyi ya shigo in riƙa barin injin ya ɗumama kafin in hau, don mai kauri ba ya saurin zagayawa. A ƙarshe ya ce, "Ka je ka dawo. In ya ci gaba da abin da yake yi, na saya. In ya daina, babu ciniki."

Hayaƙin bai ɗauke gaba ɗaya ba, amma ƙarar ta kwanta, na je Gulma na dawo ban tsaya ko'ina ba.

Ba a daɗe ba, wata rana ana gab da azahar, wani direba ya kawo saƙo ofis cewa Inna ta faɗi. Rana tsaka, kwalta kamar za ta narke, na ja babur ɗin nan yadda ban taɓa ja ba. Na tarar ba ta iya magana, garin kuma babu mota. Muka ɗora ta a bayana, ƙanwata ta zauna a baya ta rungume ta, mu uku a kan tsoho, har asibitin Argungu. Duk hanyar kunnena na kan injin, bakina na kan addu'a. Bai tsaya ba.

Inna ta tashi, ta ƙara shekaru masu yawa tare da mu. Da na ba ta labarin Baba, ta ce, "Wanga mutum ɗan halas na." Da kaka ta yi ta aika masa da shinkafa da busasshen kifi, shi kuma ya yi ta mamakin abin da ya yi har ya cancanci haka.

Har yau in zan yi juye sai na tambayi shekarun inji da yanayin gari kafin in dubi kyawun gwangwani. Amma abin da ya fi zama a raina shi ne, mutumin nan yana da buƙata, ciniki ya zo masa har gida, babu wanda zai san ya ɓoye komai, ya zaɓi ya faɗa mini gaskiya.

Daga baya ya yi ritaya ya koma garinsu, labari ya yanke. Ya bar Birnin Kebbi bai mallaki babur ba. Ban san ko yana raye ba, amma duk inda zuriyarsa take, Allah ya haɗa su da masu yi musu abin da ubansu ya yi mini.