Malam Barau Mai Hanci da Rokar Surukinsa

Haihuwa da Asali

An haifi Malam Barau Ya'ƙub a shekarar 1947 a Jiga Makera, kusa da Jiga Birni a ƙasar Aliero. Mahaifinsa, Malam Ya'ƙub, maƙeri ne da ya shahara wajen ƙera garma da lauje, mahaifiyarsa Amariya kuwa Bafulatana ce daga wata ruga ta wajen Maiyama. Daga uban ya gaji son ƙarfe, daga uwar ya gaji kunya mai tsanani, kuma waɗannan halaye biyu su suka yi ta jan sa har ƙarshen rayuwarsa.

Karatu da Koyon Sana'a

Ya fara karatun allo yana ƙarami, sannan a shekarar 1955 aka sa shi makarantar boko a Aliero, inda malamansa suka tabbatar cewa ba abin da ke shiga kansa sai ƙarar motocin da ke wucewa. A shekarar 1962 mahaifinsa ya haƙura, ya kai shi Jega koyon gyaran manyan motoci, kuma a shekarar 1970 ya buɗe garejinsa a Sabon Garin Jega.

Al'adarsa ita ce ba ya taɓa sifana sai ya zaro gejin mai, ya murza baƙin man a yatsunsa, ya shinshina, sannan ya ɗiga shi a kan takardar buhun siminti. In wani zobe mai haske ya bazu a gefen baƙin ɗigon, to, gas ya gauraya da man, kuma galibi nozul ne ya cinye, yana tsiyayar da gas cikin inji maimakon ya fesa shi. Saboda wannan shinshine-shinshine direbobi suka laƙaba masa Mai Hanci, shi kuwa bai taɓa ƙin amsawa ba.

Aure

A shekarar 1973 ya auri Kubura, 'yar Alhaji Labbo, attajirin albasa na Aliero, mutum mai kyauta da kuma gardamar da ba ta da magani. Malam Barau ya riƙe surukuta yadda ya tarar da ita: bai taɓa ambaton sunan Alhaji ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, balle ya musa masa magana.

Al'amarin Roka, 1993

Bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi a shekarar 1991 harkar dako ta bunƙasa, Alhaji Labbo ya sayi tsohuwar roka, wato babbar motar ɗaukar kaya, ya tara malamai suka yi mata addu'a. Ba da jimawa ba direbanta Attahiru ya lura cewa baƙin manta ba ya raguwa kamar na sauran motoci, ƙaruwa ma yake yi. Alhaji ya yanka rago, ya shelanta wa kasuwar Jega cewa addu'a ta karɓu.

A watan Maris na 1993 aka kawo rokar gareji don a duba birki, tana shirin kai albasar manoman Jiga Birni Legas. Malam Barau ya zaro geji bisa al'ada, ya shinshina. Man ya tsinke kamar ruwa, yana warin gas, kuma ya tabbata injin zai buga a daji, albasar mutane ta shekara guda ta ruɓe a bakin hanya. Amma ta yaya suruki zai dubi suruki ya ce masa albarkarsa ciwo ce?

Da fari ya aiki Kubura ta faɗi matsalar, mahaifinta ya tambaye ta yaushe ta zama bakanike. Daga nan sai Malam Barau ya yi abin da aka daɗe ana ba da labari a tashar Jega: ya kwance nozul ɗin rokar duka, ya jera su a kwanon tuwo, ya rufe da faifai, ya sake aika Kubura da shi kamar abincin gaisuwa. Shi kuma ya biyo ta, ya cire takalmi, ya tsuguna a ƙofar zaure kansa a ƙasa.

Alhaji ya buɗe kwano, ransa ya ɓaci matuƙa. An ruwaito ya ce: "To, madalla da wanga tuwo! Shi riƙe hanjin motata, ni riƙe ɗiyata. Ran da mota tat tashi, Kubura ta koma." Haka aka yi. Malam Barau, wanda bai taɓa dafa ko ruwan zafi ba, ya wuni yana cin ƙosai a tasha, direbobi na yi masa jaje suna dariya, amma ya ƙi mayar da tsofaffin nozul ɗin. Ya tafi Sakkwato ya sayo sababbi, ya juye gurɓataccen man, ya zuba sabo, rokar ta kai Legas ta dawo lafiya lau.

Kubura ta koma ɗakinta da buhun albasa a bayanta. Alhaji Labbo kuwa bai taɓa yarda ya yi kuskure ba. Duk wanda ya tayar da zancen, sai ya ce masa tun da yaron nan ya sa hannu mota ta koma shan mai kamar ta kowa. Duk da haka, bai ƙara bari wani bakanike ya taɓa motarsa ba.

Shekarun Ƙarshe da Rasuwa

A shekarar 1996 Malam Barau ya sauke faralin aikin hajji, kuma abokan tafiyarsa sun shaida cewa har a Makka sai da ya shinshini gejin motar alhazai. Ya rasu ranar wata Alhamis a watan Nuwamba na 1999 bayan gajeriyar jinya, aka yi masa sallah a Sabon Gari, aka kai shi maƙabartar Jega.

Ya bar matarsa Hajiya Kubura da 'ya'ya biyar: Zayyad, wanda ke riƙe da garejin, Sadiya da Naja'atu, da ke aure a Maiyama, Umar Faruk, malamin makaranta, da autarsu Murjanatu. Ya kuma bar surukinsa, wanda aka roƙa ya zauna a gida saboda tsufa, ya ƙi, ya dogara sanda har bakin kabari. Da aka gama rufewa jama'a suka fara watsewa, Alhaji Labbo ya tsuguna ya dafa ƙasar, na kusa da shi suka ji yana cewa: "Barau, gas na, ba albarka ba. Tun ran da ka aiko kwanon nan na sani."

Allah Ya yi masa rahama, Ya albarkaci bayansa.