Rigar da Inna Ta Ɗinka wa Kwamfuta

Saniyar Inna ce ta zama kwamfutata. Da na gama makaranta na rasa aiki, sai ta sa aka kora saniyar daga Kucheri zuwa kasuwar Tsafe, ni kuwa na kama ɗan shago a Gusau ina buga wa mutane takardu. Lokacin shugaban wata makaranta a Bungudu ya ba ni bugun tambayoyin jarrabawa, ya kuma faɗa mini ƙiri-ƙiri cewa in na makara, Zariya zai mayar da aikinsa. Aikin nan shi ke riƙe da shagon.

Ana haka Inna ta zo ganin dukiyarta. Ta zagaya ta, ta shafa, ta ce bai kamata abu mai tsada haka ya zauna tsirara ba, alhali ko rediyon Baba yana da rigarsa. Ta auna da taƙi ta tafi. Ranar kasuwa sai ga direban garinmu da riga ta karan-miski, har da soso a ciki, ta rufe akwatin ruf gaba da baya. Wallahi ta yi kyau, har maƙwabta na leƙowa.

Daga nan kwamfuta ta fara iskanci. Ina tsakiyar bugu sai ɗif, shafuka su tafi. Na zagi masu wuta, na zagi janareto, na zagi wanda ya sayar mini da ita har kakansa. Rannan ta yi ƙauri ta mutu ɗungurungum. Mai gyara ya zo, ya ɗaga rigar da yatsa biyu yana dariya, ya ce akwatin wutar da ke bayanta, wanda suke kira fawa, ya ƙone, don fankarsa ta rasa inda za ta fitar da zafi.

A shagonsa ya ajiye mini fawa guda biyu: sabo fil mai ƙyalli, da wani na hannu mai tsatsa a gefe. Ban san kan rubutun jikinsu ba. Sai na yi yadda Inna ke sayen kaza, na ɗauki kowanne na jinjina a hannu. Sabon kamar gwangwanin da ba komai, tsohon kuwa da nauyinsa. Na ɗauki tsohon, muka duba ƙarfinsa ya ishi injin, aka ɗaura. Na kai aikin Bungudu da gumi a jika, amma kan lokaci.

Na yi niyyar ɓoye wa Inna, sai direban nan mai bakin tsiya ya kai mata labari. Washegari ta iso ko ruwa ba ta sha ba, ta tsaya gaban injin, idonta ya cicciko.

"Ashe ni na shaƙe ta, ɗan nan? Mi ya hana ka gaya min tana numfashi?"

Na ce ni ma ban sani ba. Tausayinta ya kama ni ƙwarai. Ta sa hannu bayan akwatin har ta ji iska mai ɗumi a tafinta, sannan ta nemi reza. Ta zauna a tabarma ta yanke rigar daidai wurin fankar, ta bi bakin da zare ta daje shi tsaf.

Kwamfutar ta daɗe da shiga bola, Inna ma Allah Ya yi mata rasuwa. Rigar tana cikin akwatina, da ɗinkin hannunta zagaye da ramin.