Saƙo Uku Daga Bakin Gulbi

Yayana ma'aikacin ƙaramar hukuma ne a Kebbe, sashen noma. Ni kuma ina koyarwa a wata firamare a Tambuwal, inda nake aure, gida huɗu tsakanina da gidanmu. Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan Inna. Babanmu ya rasu tun ina sakandare, shi ya sa komai na gidan ya koma hannun Yaya. Matarsa da 'yarsu suna zaune tare da Inna, shi kuma yakan zo duk Juma'a ya koma Lahadi.

Ban taɓa ganin mutumin da zancen waya ya dama kamarsa ba. Waya biyu yake yawo da su. Akwai ƙarama mai madannai, mai layi biyu, wadda take kwana huɗu ba a yi mata caji ba. Akwai babba ta shafawa, da layi na uku a ciki don data kawai. Kowane layi ya san halinsa kamar yadda ya san halin mutanen ofishinsu. Tsohon layin, in ji shi, ɗan birni ne: cikin Tambuwal da kan kwalta har Dogon Daji ba ka da matsala da shi, amma kana sauka kan hanyar ƙasa zai bar ka. Sabon layin cikin gari murya take kakkaryewa, amma a ƙauye yakan lallaɓa ya riƙe ko da sandar sabis ɗaya ce. Babbar wayar kuwa da safe kamar ta tashi sama don sauri, rana na take tsaka sai ta ɗau zafi ta sandare, sai ya sa ta cikin hularsa a inuwa ta huce.

Ni ce abokiyar gwajinsa. Duk ƙauyen da aiki ya kai shi, sai ya turo min saƙo ɗaya ta hanya uku: tes ta tsohon layi, tes ta sabo, sannan saƙon murya ta manhajar hira a babbar wayar. In ya dawo Juma'a, kafin ya gama wanke hannu zai ce, "Malama, wanne ya riga?" In na ce na manta, ya ce ni ba a haɗa bincike da ni. Wata rana daga Sanyinna muryar ta riga tes ɗin duka biyu, ya kwana biyu yana ba mutane labari.

Cikin wata damina mai ruwa da yawa aka tura shi duba gonakin da ruwa ya ci a wani ƙauye bayan Fakku. Dole sai an tsallake gulbi. Ranar Laraba ce. Kafin azahar ina duba littattafan yara sai tes ya shigo ta tsohon layin: "Ina bakin gulbi ina jiran jirgi. Gwaji. Ki lura da wanda ya riga." Na yi mamaki, don ba wurin tsohon layin ba ne. Na ce bari sauran biyun su iso in ba shi amsa gaba ɗaya. Na aje wayar na ci gaba da aikina.

Bayan la'asar Baffa, ƙanen babanmu, wanda ke limanci a unguwarmu, ya yi sallama a ƙofar gidana. Bai taɓa zuwa da kansa ba, aike yake yi. Ina ganinsa tsaye a zaure da carbi a hannu bai ja ba, na zauna a ƙasa.

Abin da aka gaya mana daga bakin mai jirgin ya fito. Ya ce yana tsallake yana jiran mutane su cika, ya hango wani zaune kan mashin yana magana da waya. Can ya ga ya sauka ya bi gefen ruwa ya shiga ciyawa. Da ya iso bai gan shi ba, sai da suka bi sawu. Suka same shi kwance a gindin wata bishiya, ta gefen damansa, rai ya yi halinsa, ba rauni ko ɗaya. Ma'aikacin lafiyar da ya duba shi ya ce hawan jini ne, kuma gaskiya Yaya yana da shi, yana wasa da magani. Ƙaramar wayar tana aljihunsa. Babbar ba a gan ta ba. Washegari da safe aka kawo shi Tambuwal aka yi masa sutura.

Ranar sadakar uku, da hantsi, muna zaune da mata cike da tsakar gida, wayata tana kan cinyata. Ta yi ƙara. Na duba don in kashe, sai na ga "Yaya" a rubuce. "Ina bakin gulbi ina jiran jirgi. Gwaji. Ki lura da wanda ya riga."

Na tashi na shiga ɗakin matarsa, na buɗe durowar da na ga ta aje kayan aljihunsa. Ƙaramar wayar tana nan a kashe, naɗe cikin hankicinsa. Na tsaya riƙe da waya biyu, tawa da tasa, har wata gwaggonmu ta leƙo ta ce ana nemana za a yi addu'a.

Da na gaya wa mijina, ya karɓi wayar ya duba lambar. "Sabon layin ne," ya ce. "Sukan riƙe saƙo in hanya ta cushe, sai daga baya su sako shi. Ya taɓa faruwa da ni. Ki yi mishi addu'a kawai."

Na yarda da bayaninsa. Amma bayanin ne ya tuna min cewa uku ake turowa, kuma biyu suka zo.

Daga ranar na shiga jira. Na kashe data kwana biyar, sannan na kasa haƙuri na kunna. In buɗe hirarmu in ga tsoffin saƙonninsa, da hoton wata gonar gero da ya turo, in rufe. Ina cikin aji wayar na motsi a jaka, sai alli ya tsaya min a hannu. Wani lokacin in roƙi Allah kada ya zo, wani lokacin in ji haushin bai zo ba. Aka yi arba'in, ruwa ya ɗauke, aka fara yankan gero. Na soma cewa a raina wataƙila bai samu ya yi na ukun ba.

Ya zo wata Talata, lokacin hutun tara, yara na ta guje-guje a fili da rana tarwai. Saƙon muryarsa ba ya wuce ɗan taƙi, amma wannan ya kusa minti uku. Na zagaya bayan aji na jingina da bango na danna.

Ƙarar ruwa ce ta fara. Sannan muryarsa, garau, da dariya a ciki. "Malama, yau sabon layi ya ba ni kunya. Tsoho na da sanda guda, shi ko ba ya da komi. Wagga babba kuma ta yi zafi awa an ɗauko ta daga murhu, ban san ko za ta aika ba. Jirgi na tsallake. In na…"

Ya yi shiru. Sai ruwa.

"Tsaya, ana kira na."

Na ji ya sauka daga mashin. Na ji takunsa cikin ciyawa mai ruwa. Ya ce, "Na'am?" Ya ƙara tafiya. Sai ya sake magana, ba da ni ba, da wata murya da na shekara goma sha wani abu ban ji ya yi amfani da ita ba, ƙasa-ƙasa, irin wadda yake yi in ya durƙusa a ƙofar ɗakin babanmu. "Na'am, Baba. Ga ni nan tafe."

Wani abu ya faɗi, ina jin wayar ce. Takun ya yi ta nisa har ya ɓace. Sauran duk ruwa ne da kukan tsuntsu guda. Dab da ƙarshe, kusa da wayar sosai, wani ya yi gyaran murya sau biyu. Saƙon ya ƙare.

Ban koma aji ba ranar. Shugabar makaranta ta same ni a wurin ta ce in tafi gida.

Kwana biyu bayan haka aka kawo wayar daga ofishinsu na Kebbe. Wani manomi ne ya tsince ta cikin ciyawa kwana biyu da rasuwar, batir ya mutu, ya kai wa mai gari. Ta zauna a can har wani malamin makarantar ƙauyen ya taho da ita Kebbe ya sa ta caji, tana kunnuwa ta samu sabis ta aika abin da ke cikinta. Wannan na gane. Abin da na tambayi mai gyaran waya a bakin kasuwa shi ne, tunda wayar ta ci gaba da ɗauka bayan ya yar da ita, wa ya danna aikawa? Ya juya ta a hannu ya ce irin waɗannan in sun yi zafi sukan danna kansu. Na ce to.

Baffa na kai wa ya saurara. Ya ji har ƙarshe idonsa a ƙasa. Ya ce, "Kowane dattijo a ƙasarmu Baba ne. Ta yiwu wani tsoho ya gani."

"Mai jirgi ya ce ba kowa a gefen, Baffa."

"Daga tsallake ya hanga." Ya miƙo min wayar. "Mai ciwo kuma yakan ji abin da ba a faɗa ba. Allah ne masani. Kada ki sa ma innarku."

Ban sa mata ba, amma magana ba ta ɓuya a gidanmu. Bayan mako guda na shiga gaishe ta, tana tsince shinkafa a faifai. Ba ta ɗago ba ta ce, "An ce ɗan'uwanki ya yi magana. Sa min."

Na ce Baffa ya hana. Ta ce ita ta haife shi. Na zauna gefenta na sa. Da aka zo wurin da ya ce sabon layi ya ba shi kunya ta yi ɗan murmushi. Da aka zo gyaran muryar hannunta ya tsaya cikin shinkafar, ya daɗe a haka. Na jira ta ce muryar babanmu ce, ko ta ce ba ita ba ce. Sai ta ce, "Ko wa ya kira shi, ya amsa da ladabi." Ta ture faifan ta ɗauki buta, alhali da sauran lokaci kafin azahar.

Matarsa ta ce ita ba za ta ji ba, kuma har yau ba ta ji ba. Ta roƙe ni in adana wa 'yarsu har ta yi hankali, tunda ita ce muryarsa ta ƙarshe. Na canza waya sau biyu tun lokacin, kowane karo ina tsaye kan mai gyara har ya mayar min da saƙon, ba na bari ya buɗe. Yarinyar ta shiga sakandare bana. Da ƙaramar salla ta zo min yini, muna wanke-wanke ta ce, "Gwaggo, wai akwai maganar Abba a wayarki?" Na ce akwai. Ta ce yaushe za ta ji. Na ce ta fara tambayar mamarta, ta ce ta tambaya, an turo ta wurina. Na ce ta bari ta gama jarabawa, muka ci gaba da ɗauraye kwanuka.