Garinmu na cikin salula

Ɗiyata ce ta sa mini wasan nan a salula, shekarar da gwiwa ta zaunar da ni na bar tuyar masa a bakin gudiro, titin kwalta ke nan. Ta ce in ba a ba ni abin yi ba zan cinye mutanen gida da faɗa. Ba ta yi ƙarya ba. Kafin in saba da zaman na riga na ɓata da mai kawo mana ruwa, na ɓata da matar ɗan haya kan igiyar shanya.

Ni karatu da tsufa na same shi. Bayan rasuwar maigidana na shiga ajin mata, na koyi haɗa baƙi, na tsinci ɗan Faransancin da zai fid da ni kunya. Shi ya sa har yau in na ga rubutu ba na wuce shi. Kwalin magani, buhun shinkafa, bayan mota, sai na karanta. To da za ta sa wasan na ga rubutu a ƙasa da taurari jere, na ce tsaya, wannan fa? Ta ce ra'ayin waɗanda suka yi wasan ne, kowa ya faɗi abin da ya gani. Na ɗauko tabarau. Wani ya ce tun da yake bai ga irinsa ba. Wani ya ce talla ta yi yawa. Wani zagi zalla ya rubuta, bai ma faɗi laifin da aka yi masa ba. Wata ta ce yana ɗebe mata kewa a wurin aiki, na ce Allah ya raba ni da ɗaukar irinki aiki. Na karanta har idona ya yi ruwa, kuma duk cikinsu ba wanda ya faɗi abin da ya kamata a faɗa mini.

Wasan kuwa ga yadda yake. Fili ne a gindin dutse. Akwai wasu gajerun mutane masu gemu har cibiya, suna haƙar dutsen suna fid da zinariya. Da zinariyar kike gina gida, gidan ya kawo mutane, mutanen su kawo wata zinariyar. Akwai masu dogon kunne da ke harba kibiya, akwai boka mai hula mai tsini. Na ce a cire mini bokan nan, ɗiyata ta ce ba ya ciruwa. Can saman dutsen kuma wani dodo ne kwance, maciji ba maciji ba, da fiffike, yana aman wuta.

Abin da ya fara ba ni haushi shi ne ba a bukatata. Na yi ta dannawa har yatsana ya yi ciwo, ɗiyata ta leƙo ta ce, "Inna, ki ajiye shi mana. Ko kin rufe suna aiki."

"Ba mai tsaya musu a kai?"

"Babu."

"Ranar Juma'a fa?"

"Har Juma'a."

Na ce wannan ba wasa ba ne, zalunci ne. Amma na ajiye, na je na yi salla na dawo, na tarar sun tara abin da ban tara da yatsana ba. Ban ji daɗi ba ko kaɗan.

Da na bar shi tun nan, ba don ƙawata ba.

Ni da ita bango ɗaya ya raba mu a nan Zongo tun muna goyon fari. In gishirina ya ƙare, ta saman bangon take miƙo mini. Shekarar rusau aka shafa wa gidansu jan fenti, namu kuwa layin ya tsaya kafin ya kai shi. Aka ba su fili can nesa, inda in kin tashi zuwa sai kin yi shirin tafiya. Da farko tana zuwa. Daga baya sai suna, sai gaisuwar mutuwa. Ba faɗa muka yi ba, hanya ce ta yi tsawo, mu kuma muka tsufa.

Gaisuwar mutuwa ta kawo ta unguwar Kamsaoghin nan kusa da mu wata rana, ta biyo ta wurina ta sha ruwa. Ta tarar da ni ina harara salula.

"Ke tsohuwa, da wa kike faɗa kuma?"

Na nuna mata. Ita ba ta karatu, amma idonta ya fi nawa. Ta kai fuska kusa, ta daɗe tana kallo, sai ta sa yatsa kan wani gida mai zaure ta ce, "Wannan ai gidan mai goro ne."

"Wane mai goro?"

"Na bakin rijiya mana. Ga rijiyar nan. To wancan siriri na kusa da shi na ladan ne, dubi yadda ya matse kamar mai shi."

Na yi dariya har gwiwar ta motsa. Kafin ɗanta ya zo ɗaukarta da moto, babur ke nan, ta raba gidajen nan kaf. Maƙerar gajerun ta zama garejin direbobi. Hasumiyar boka ta ba wata maƙwabciyarmu da ba mu taɓa shiri da ita ba, Allah ya ji ƙanta. Da za ta tafi ta ce, "Kar ki gina komai a gefen rijiyar nan sai na zo. Nan ne namu."

Ta kuwa zo. Ɗanta yana da shago a babbar kasuwa, sai ya riƙa sauke ta da safe a wasu ranaku, ya ɗauke ta in ya tashi. Takan zo da benga a leda, shinkafa da wake ke nan irin na Mosawa, mu ci, mu buɗe gari. Ni ke karanta abin da aka rubuta, ita ke yanke inda za a sa gini. Muka gina gidanta a gefen rijiya, nawa a jikinsa. Muka yi faɗa kan wanda ya fi girma. Kowane gini ya tashi sai ya jawo labari, wa ya zauna nan, wa ya auri wa, wa aka kama yana satar kaji. Mutanen da na yi shekaru ban ji sunansu a bakin kowa ba, duk suka dawo tsakar gidana.

Sai abu ya tsaya cak. Fili ya cika, sabon gini ba ya buɗuwa sai an kashe dodo, dodo kuma ya ƙi mutuwa. Mu tura masu kibiya, ya hura musu wuta sau ɗaya su dawo baƙi ƙirin. Mu jira, mu ƙara musu ƙarfi, mu sake turawa, haka dai. Ƙawata takan yi tsaki ta ce, "Waɗannan masu kunnen jakin ba su ci abinci ba ne?" Tun tana dariya har ta daina. Wata rana ta yi gyangyaɗi ina cikin karanta mata. Zuwan da ya biyo baya ba ta zo ba, ta aiko ɗanta ya ce jiki ne. Na san jikin. In babu sabon abin gani, wa zai hau bayan moto ya sha ramukan hanyar nan da ƙashin tsufa?

Na kama ɗiyata na ce ta gaya mini yadda ake kashe abin nan. Ta karɓa ta duba, ta riƙe baki.

"Inna! Har yanzu garinki na farko ne? Ba ki taɓa yin renesans ba?"

"Yi mini Hausa."

"Sake haihuwa. Kin ga wannan wurin mai ƙyalli? Ki danna, garin ya ƙone duka, a ba ki shuɗɗan duwatsu, ki sake daga farko. Amma komai zai yi sauri. Se komsa ake yi, kowa haka yake yi."

"Ya ƙone duka?"

"Duka. Fili kawai zai rage."

Na ce ta ba ni salulata ta tashi daga gabana.

Na koma wurin ra'ayoyin nan na yi ta gangarawa ƙasa, inda ban kai ba da farko. Ashe can suke. Wani ya ce ka ƙona da wuri, ka ƙona da yawa. Wani ya ce duk mai riƙe garin farko bai gane wasan ba. Wani har da alfahari, wai ba ya bari gari ya wuni. Kuma duk taurari biyar suka bayar. Mutanen banza, ku sa wannan a sama mana, tun kafin mutum ya fara! Akwai wani direba ɗan Nijar da ke haya a ɗakin ƙofa, na san yana yi, na tare shi yana wankin ƙafa. Ya ce, "Hajiya, ai gidajen ba komai ba ne, lissafi ne aka sa wa rufi. Ni ban ma san kamanninsu ba." Na ce ai ka ji, kai da ba ka taɓa gina ko akurki ba.

Na zauna da abin yana cina. In na bari, wasa ya mutu, ƙawata ta daina zuwa. In na danna, na ƙona mata gida a gefen rijiya, da hannuna, ita da aka riga aka yi wa sau ɗaya. Kuma in faɗi gaskiya, ni ina so in ga abin da ke bayan dutsen nan. Na sha wuya a kansa.

Na sa aka kira mini ita na ce ta zo, akwai magana. Ta zo tana ɗingishi da gangan don in san ta yi mini alfarma. Ban yi kwana-kwana ba, na gaya mata yadda ɗiyata ta gaya mini. Ta gutsuri goro tana taunawa.

"Har gidan ladan?"

"Har shi."

"Rijiyar fa?"

"Ita ma."

"Su kuma mutanen ina za a kai su?"

"Ba a faɗa ba."

"Ai ba a faɗa dama," in ji ta. Ta tofar da tuƙa. "Nuna mini wurin."

Na danna mai ƙyallin, rubutu ya fito da gurbi biyu a ƙasa, kore da ja. Ta ce me aka ce. Na karanta a hankali na juya mata: wai kin tabbata kina so a rushe garin? Kore i, ja a'a.

Ta ajiye goron. "Tambaya suke yi?"

"Tambaya ce."

"In na ce a'a fa?"

"Sai su bari, ina ji."

"Kina ji. Kawo nan."

Ta goge yatsa a zane, ta danna ja. Rubutun ya ɓace. Ga gari nan, gajeru na ta haƙa, hayaƙi na tashi a garejin direbobi. Ta duba gidanta, ta duba nawa. Ta jira, wai ko za su dawo da katafila. Ba abin da ya zo.

"Sake kira mini su."

Na sake. Ta sake danna ja. Sai ta fashe da dariya, irin wadda na rabu da ji tun muna da haƙora duka, tana dukan cinyata, daidai gwiwar mai ciwo. "Sake! Wallahi sake!" Ranar ban san sau nawa ta ce musu a'a ba. Ɗiyata ta fito daga ɗaki ta tsaya tana kallonmu, ta ce, "Ku fa ba haka ake wasan nan ba." Ƙawata ta ce, "'Yar nan, je ki hura wuta, manya na magana da hukuma."

Shi ke nan, wasa ya tsaya inda ya tsaya. Zinariya ta taru ba abin saya, masu kibiya na zaune suna ƙiba. Na yi ta mita har ɗiyata ta gaji ta buɗe nata ta nuna mini bayan dutsen, ita da ta ƙona gari ba adadi. Wani dutsen ne. Da wani dodon a kai, shi wannan shuɗi. Na ce yanzu saboda wannan kuke ta ƙone-ƙone? Ta ce ai akwai na uku. Na tashi na bar mata wurin. Duk da haka, in na buɗe nawa na ga na farkon kwance yana aman wuta, raina ɓaci yake. Ya ci ni, kuma ya san ya ci ni.

Ƙawata kuwa ta dawo da zuwa. Ko mayafi ba ta cirewa sai ta ce, "Ina mutanen? Kira su." Ta ba su amsarsu, mu kife salula a tabarma, mu ci abinci, mu yi gulmar matattu da masu rai.

Abin da ke hana ni sakewa yanzu hannunta ne. Ya fara rawa, kuma wanda ya yi wasan nan, Allah ya shirye shi, ya manna kore a jikin ja, ko faɗin ƙwayar wake babu a tsakani. Na ce ta bari ni in riƙa danna mata, ta ce ita aka tambaya. Zuwanta na baya-bayan nan na ga yatsan yana lilo yana karkata wajen kore, na cafke wuyan hannunta.

"Sake ni, ke tsohuwa," ta ce. "Na ga ja."

Ban sake ba. Tare muka danna.